Ɗalibi a bakin lambatu: yadda horon wata shida kan ruwan sama zai yi amfani

Ruwan saman da ke cika titunan Kano ba ya daɗewa. Hadari ya haɗo daga gabas da la'asar, iska ta taso da ƙura, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, kafin awa ɗaya ko biyu ya ɗauke. A wannan ɗan tsakanin ne lambatu da kwalbatoci suke kwashe duk abin da ya taru a kan kwalta da rufin kwano da bakin bola da garejin makanikai, su kai shi rafukan Jakara da Getsi ta arewa, ko su gangara da shi kogin Challawa ta kudu. Wanda ya zo da kwalbarsa washegari da hantsi ya makara. Abin da zai ɗiba ruwan wanke-wanke ne da na wanka da ke bin kwata kullum, ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Rahotanni da dama da ɗalibai ke rubutawa a ƙarshen horon sanin makamar aiki suna cewa sun auna ingancin ruwan magudana, alhali wannan ruwan na washegari suka auna. Nan ne aikin yake fara lalacewa, tun kafin a shiga ɗakin gwaji.

Tsarin horon kansa ya daɗe. An kafa Asusun Horar da Ma'aikata na ITF a 1971, shi kuma ya fito da SIWES, shirin horon sanin makamar aiki na ɗalibai, a 1973. Ɗalibin jami'a yakan yi wata shida, na kwalejin kimiyya da fasaha wata huɗu, yana cike logbuk ɗinsa, mai kula da shi a wurin aiki yana sa hannu, malaminsa na makaranta yana kawo ziyara. Masu karanta injiniyancin ruwa ko kimiyyar sinadarai ko ta ƙananan halittu ko labarin ƙasa sukan nufi hukumar ruwa ta jiha, ko ma'aikatar muhalli, ko Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Kaduna, ko Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ko ofisoshin NiMet mai hasashen yanayi da NIHSA mai auna ruwan koguna. Da yawansu sukan ƙare a ɗakin gwajin ruwan famfo, suna koyon auna alam da kulorin, kuma ilimi ne mai kyau. Sai dai ruwan famfo yana da mai shi. Ruwan da ke bin titi kuwa maraya ne: wannan ma'aikata ta gina lambatu, waccan hukuma ta yashe shi idan hali ya yi, amma da wuya a sami ofishin da aikinsa shi ne ya san lita nawa ke bi ta ciki, da abin da ruwan ya ɗauko.

A Amurka doka ce ta buɗe wa ɗalibai wannan fanni. Dokar tsabtar ruwa ta 1972 ta fi mayar da hankali kan bututun masana'antu da na ƙazantar gidaje. Wani babban bincike da hukumar kare muhalli ta ƙasar ta kammala a 1983 ya nuna cewa ruwan da ke gangarowa daga titunan birane yana ɗauke da tagulla da dalma da zink da ƙwayoyin cuta masu yawa. A 1987 aka gyara dokar ta haɗa da ruwan sama, a 1990 aka tilasta wa biranen da suka kai mutum 100,000 su nemi izini su kuma riƙa aunawa, a 1999 aka shigo da ƙananan garuruwa. Aikin yana cin hannaye, shi ya sa hukumomin birane da jami'o'i suke ɗaukar ɗalibai a lokacin dogon hutu su bi bakin bututu suna ɗiban samfur. Ƙa'idar da suka saba bi a taƙaice take: ruwan ya kai milimita 2.5, ya zama an yi awa 72 ba a yi wani ruwan ba, a ɗebi samfur na farko cikin minti 30 da fara gudu. Sharaɗin awa 72 ba zai yi aiki a Kano a tsakiyar marka ba, domin a watan Agusta da wuya a yi kwana uku sama ba ta zubo ba. Abin da ya dace a nan shi ne a rubuta kwana nawa aka yi ba ruwa kafin kowane samfur. Sauran ƙa'idojin biyu kuwa babu abin da zai hana a bi su.

Dalilin da ya sa ɗalibi ya dace da wannan aiki shi ne lokaci. Ma'aikaci yana tashi ƙarfe huɗu, ruwa kuma ya fi son la'asar da dare. Ɗalibai biyu ko uku da ke zaune kusa da magudanar da aka ba su suna iya isa wurin kafin ɗigon farko, matuƙar an koya musu abin da za su yi idan sun isa.

Watan farko na tafiya ne, ba a taɓa kwalba. A zaɓi magudana guda ɗaya, wadda yankin da ke zuba mata ruwa bai wuce hekta 10 zuwa 50 ba. Wanda ya ce zai auna Jakara gaba ɗaya cikin wata shida zai ƙare da lambobin da ba za su bayyana komai ba. A zana iyakar yankin a kan hoton Google Earth ko a manhajar QGIS, wadda kyauta ce, sannan a bi iyakar da ƙafa, domin taswira ba ta nuna titin da aka ɗaga ya karkatar da ruwa, ko kwalbatin da ta toshe shekara uku, ko katangar da aka gina a kan hanyar ruwa. A gaida mai unguwa a yi masa bayani tun farko. Dattawan layi sun san inda ruwa ya kai a shekarun baya, kuma tabon laka a jikin bango shaida ce da za a iya aunawa da tef. Daga nan a raba yankin: kashi nawa rufi ne da kwalta da siminti, kashi nawa ƙasa ce, kashi nawa fili ne mai ciyawa ko kududdufi.

Lissafin farko da ya kamata ya zauna a kan ɗalibi shi ne wannan: milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Gida mai rufin murabba'in mita 100, idan aka yi ruwa milimita 30, ya zubo lita 3,000, wato jarka 120 mai cin lita 25. Hekta guda kuwa lita 300,000. Ba dukkansa ke shiga lambatu ba. Rufin kwano da kwalta suna sakin kashi 70 zuwa 95 cikin ɗari, ƙasa mai rairayi da ciyawa kashi 10 zuwa 30 kawai. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauki layin unguwa da ba a yi wa kwalta ba a ba shi lambar fili mai ciyawa, alhali ƙafa da taya sun daddanne shi har ya kusa zama daɓe.

Daga nan sai dabarar da injiniyoyi ke amfani da ita a ƙananan yankuna: a ninka kason ruwan da ke gudu da ƙarfin ruwan sama a milimita cikin awa, a ninka da faɗin yanki a hekta, a raba da 360, sai a sami kubik mita a cikin daƙiƙa. A ce hekta 10, kaso 0.7, ƙarfin ruwa milimita 60 a awa: amsa ita ce kimanin kubik mita 1.2 a daƙiƙa. Yanzu a ɗauki lambatun kankare mai faɗin mita 1 da zurfin santimita 80, mai gangarar santimita 50 a kowace mita 100. Da lissafin Manning, wanda injiniyoyi ke gano ƙarfin magudana da shi, zai ɗauki kusan kubik mita 1.7 a daƙiƙa, ke nan ya ishi wannan ruwa har da rara. Idan yashi da leda suka cike rabinsa, abin da zai ɗauka ba rabi ba ne. Hanyar ta ƙuntata, gindin kuma ya yi kaushi yana rage gudu, sai ƙarfinsa ya sauko wajen 0.5. Ragowar ruwan titi zai hau, daga titi kuma sai zaure. Ɗalibin da ya yi wannan lissafi da ma'aunin da ya ɗauko da hannunsa ya riga ya fahimci rabin ambaliyar cikin gari, kuma zai iya gaya wa hukuma wane lambatu ne ya yi ƙanƙanta tun asali, wane ne yashewa kawai yake bukata. Kuɗin gyaran waɗannan biyun ba ɗaya ba ne ko kusa.

Ƙarfin ruwan sama shi ne lambar da ta fi wuyar samu. Kano tana samun kimanin milimita 800 zuwa 900 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba, amma jimillar shekara ko ta yini ba ta gina lambatu. Milimita 40 da suka sauka a hankali cikin dare guda ƙasa za ta shanye da yawansu, waɗanda suka sauka cikin minti 30 kuwa su ne ke shiga shaguna. Kuma ruwan damina yana da zaɓe, a yi shi a Bompai, Sharaɗa ko ɗigo. Saboda haka ba a dogara da ma'aunin filin jirgin sama don magudanar da ke nesa da shi. A kafa ma'auni a cikin yankin, a fili, nesa da gini ko bishiya da aƙalla ninki biyu na tsayinsu, bakinsa a miƙe daidai. Idan akwai na'ura mai kifar da cokali duk milimita 0.2 tana rubuta lokaci, madalla, sai dai a riƙa duba mazurarinta saboda ƙura da kashin tsuntsu da yanar gizo-gizo. Idan babu, mutum ɗaya ya zauna yana karanta ma'aunin hannu duk minti 10.

Yawan ruwan da ke cikin lambatu kuma ana auna shi da fenti da agogo. Tun da rani a zana ma'auni a jikin bangon lambatun, layi duk santimita 5, a wurin da ya miƙe ba kwana. A auna mita 10 a yi alama a farko da ƙarshe. Idan ruwa ya zo a jefa lemon zaƙi ko robar ruwa da aka cika rabi, a ƙirga daƙiƙar da ta ɗauka, sau uku, a ɗauki matsakaici, a raba mita 10 da shi a sami gudun ruwan. Saman ruwa ya fi ƙasansa gudu, don haka a ninka da 0.85. Sai a ninka da faɗi da zurfin ruwan. Zurfin daga saman yashin da ya kwanta ake ƙirga shi, kuma yashin yana sauyawa bayan kowane ruwa, dole a sake auna shi.

Ɗiban samfur shi ne inda horo ke nuna kansa. Ruwan da ya fara gudu shi ya fi datti, domin shi ne ya wanke titi. A arewa abin ninki biyu ne: akwai wankin farkon kowane ruwa, akwai kuma wankin farkon damina, lokacin da ruwan Mayu ko Yuni ya kwaso dattin wata bakwai na rani. Horon da ya fara a Agusta ya rasa wannan, kuma ya kamata rahoto ya faɗi haka. A ɗebi kwalba ta farko da zarar ruwa ya fara gudu, sannan duk minti 10 a rabin awar farko, daga nan duk minti 20 ko 30 har ya ja baya. Kwalba 8 zuwa 12 ke nan a ruwa guda, kuma kowace sai an rubuta lokacinta da tsayin ruwa a jikin bango a daidai wannan lokacin. Ana ɗaure kwalbar a kan doguwar sanda, a nutsa ta a tsakiyar ruwa, bakinta yana fuskantar inda ruwan ke fitowa, ba tare da ta karci laka a gindi ko ta kwashi kumfar sama ba. A ɗauraye ta sau uku da ruwan wurin, ban da kwalbar gwajin ƙwayoyin cuta da ta gwajin mai, waɗanda ba a ɗaurayewa. A rubuta lambobin kwalabe tun a gida da maka marar gogewa, a rufe da salatif, domin babu mai iya rubutu a kan jiƙaƙƙiyar takarda cikin ruwa da duhu.

Kwalbar kanta tana iya ɓata komai. Robar lemo da aka wanke da omo ita ce mafi sauƙin samu, kuma ita ce mafi muni: ragowar sukari zai ɗaga BOD, wato ma'aunin iskar oksijin da ƙananan halittu ke cinyewa wajen ruɓar da dattin ruwa, sabulun kuma yana iya ƙara fosfet. Gwajin ƙarafa yana son roba da aka jiƙa kwana guda a ruwan asid ɗin naitirik kashi 10 cikin ɗari. Gwajin mai da maiƙo yana son gilashi mai cin lita 1, domin mai yana manne wa roba. Gwajin ƙwayoyin cuta yana son kwalbar da aka dafa a digiri 121 na minti 15, kuma a bar ɗan fili a samanta don girgizawa.

Daga lokacin da aka rufe murfi, agogo ya fara aiki. Zafi da pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, da iskar oksijin da ke narke a ruwa a bakin lambatu ake auna su, cikin minti 15, da na'urar da aka daidaita a ranar da ruwan gwaji na pH 4 da 7 da 10. Sauran kwalabe su shiga kula mai ƙanƙara nan take, a kusa da digiri 4. Gwajin E. coli, ƙwayar da ke nuna bahaya ya shiga ruwa, ya fara cikin awa 6 zuwa 8. BOD da gurɓacewar launi da naitiret kada su wuce awa 48. Dattin da ke yawo a ruwa yana jure kwana 7. COD, wato ma'aunin oksijin da sinadari ke ci wajen ƙone dattin ruwa, sai an zuba masa asid ɗin salfiyurik har pH ya sauka ƙasa da 2, sannan ya kai kwana 28. Ƙarafa da asid ɗin naitirik suna kai wata shida. Matsalar a fili take: ruwa ya sauka ƙarfe biyar na yammacin Juma'a, ɗakin gwaji a kulle sai Litinin. Idan wurin horo bai shirya wanda zai riƙe mukulli da inda za a sayi ƙanƙara da dare ba, gara a cire E. coli da BOD daga aikin tun farko, a tsaya kan abin da zai jure jira. Samfurin da ya kwana biyu a kan benci cikin zafin digiri 35 zai ba da lamba, amma lambar ta abin da ya faru a cikin kwalba ce.

A ɗakin gwaji BOD ne ya fi ba ɗalibai wahala. Ana zuba samfur a kwalba mai cin mililita 300, a auna oksijin, a ajiye a duhu a digiri 20 na kwana biyar, a sake aunawa. Ruwa a digiri 20 ba ya riƙe oksijin fiye da kimanin miligiram 9 a lita, ruwan kwata kuma zai cinye wannan cikin 'yan awoyi. Dole a tsarma shi, kuma a yi tsarmi uku mabambanta, domin ba a san ƙarfinsa ba sai an gwada. Sakamakon da ake karɓa shi ne wanda oksijin ya ragu da aƙalla miligiram 2, kuma aƙalla miligiram 1 ya saura. A ce an zuba mililita 15 a cikin 300, kaso 0.05 ke nan. Oksijin ya sauka daga 8.5 zuwa 4.0, a raba 4.5 da 0.05, BOD ya zama 90. Idan wuta ta ɗauke akwatin sanyayawa ya koma zafin ɗaki, ƙwayoyin za su ƙara sauri, sakamakon ya hau. A ajiye ma'aunin zafi a ciki a riƙa rubuta shi safe da yamma, duk zagayen da wuta ta ɓata a rubuta cewa ya ɓaci.

Dattin da ke yawo a ruwa gwajinsa ya fi sauƙi, kuma shi ya fi amfani ga mai kula da magudana: a girgiza kwalba sosai, a tace ta matacin zaren gilashi da aka riga aka auna nauyinsa, a busar a digiri 103 zuwa 105, a sanyaya a rufe, a sake aunawa. Rashin girgizawa kaɗai yana iya zubar da babban kaso na amsa, don yashi yana kwanciya cikin daƙiƙu. A gwajin ƙwayoyin cuta kuwa, ruwan lambatu ba a tace shi kai tsaye kamar na famfo, faranti zai cika har ba a iya ƙirgawa. A tsarma shi ɗaya cikin ɗari, ɗaya cikin dubu, ɗaya cikin dubu goma, a ɗumama a digiri 44.5 na awa 24, a ƙirga farantin da ya ba da ɗigo 20 zuwa 60. Kuma a kowace fita a tafi da kwalba ɗaya ta tataccen ruwa, a buɗe ta a bakin lambatu a rufe, a gwada ta tare da sauran. Idan aka ga dalma a cikinta, to daga kwalba ko asid ko hannu ta fito. Cikin kowane samfur goma a ɗebi ɗaya sau biyu don a ga ko amsoshin za su yi kusa.

Maganar kuromiyam tana bukatar taka-tsantsan na musamman a Kano, saboda masana'antun jima da ke Bompai da Sharaɗa da Challawa. Wanda ake jima da shi nau'i ne mai daraja uku, wanda ya fi guba kuma mai daraja shida ne. Na'urar AAS da ake auna ƙarafa da ita jimillarsu take bayarwa. Mai daraja shida gwajin launi ake yi masa daban, cikin awa 24 idan ba a sa masa sinadarin adanawa ba. Ɗalibin da ya auna jimilla ya kwatanta da iyakar mai daraja shida ya haɗa abubuwa biyu da ba su haɗu ba. Haka nan kwalba ɗaya ba ta isa a ɗora wa wata masana'anta laifi. Sai an ɗiba sama da bututunta da ƙasa da shi, a lokaci guda, sau da yawa.

Bayan an sami lambobi, ba a tara su a raba da yawansu. Kowane samfur nauyinsa gwargwadon ruwan da ya wuce a lokacinsa ne. A ce kubik mita 100 na farko sun zo da datti miligiram 900 a lita, 600 na tsakiya da 400, 300 na ƙarshe da 150. Matsakaicin kai tsaye zai ba da 483. Idan aka ninka kowanne da yawan ruwansa aka raba da jimillar 1,000, amsar gaskiya 375 ce, kuma tana nufin kilo 375 na laka da datti sun wuce a wannan ruwa guda, buhu bakwai da rabi mai cin kilo 50. Wannan ita ce lambar da injiniya zai gina ramin tare yashi da ita. Saboda ita ce aka dage tun farko cewa kowace kwalba a rubuta mata tsayin ruwa.

Sai tambayar da me za a kwatanta. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya na 2007 ya sa iyakar gurɓacewar launi a maki 5 na ma'aunin NTU, naitiret miligiram 50 a lita, dalma 0.01, E. coli kuma babu ko ɗaya a mililita 100. Cewa ruwan lambatu ya wuce waɗannan ba labari ba ne, kowa ya san ba a shan sa. Abin tambaya shi ne ina ruwan yake zuwa. A gefen Jakara da Getsi 'yan lambu suna ban-ruwan latas da kabeji da alayyafo da shi, ragowar kuma ta tafi madatsar Wasai inda ake kamun kifi. Don haka ma'aunin ban-ruwa ne ya dace: shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 1989 ta ce ganyen da ake ci ɗanye kada ruwansa ya wuce ƙwayoyin bahaya 1,000 a mililita 100 da ƙwan tsutsar ciki 1 a lita, hukumar abinci da noma ta duniya, FAO, kuma ta sa kuromiyam a miligiram 0.1 a lita. Inda ma'aunin ruwan sha yake da muhalli shi ne rijiyoyin gidajen da ke bakin magudana. Gwada rijiya goma kafin damina da kuma bayan manyan ruwa uku aiki ne da ɗalibi zai iya, kuma yana taɓa maganar amai da gudawa kai tsaye.

Akwai wani aikin da bai kamata a raina ba, wato ƙidayar kududdufai. Ramukan da aka haƙa don ɗiban ƙasar gini a tsohon birni sun daɗe suna riƙe ruwan sama su sake shi a hankali. Kududdufi mai faɗin rabin hekta da ke da sararin mita ɗaya da rabi yana ɗaukar kubik mita 7,500, wato ruwan milimita 30 daga kimanin hekta 35 na unguwa, idan kaso 0.7 ne ke gudu. Idan aka cike shi da shara aka yanka filaye, wannan ruwan bai ɓace ba, gaba zai yi, kuma 'yan kasuwar Kantin Kwari sun ga abin da ruwan da ya rasa wurin zama yake yi a daminar 2022. Kududdufi yana da nasa sharrin, sauro da wari da yaran da ke nutsewa, shi ya sa masu unguwa suke murna idan an cike shi. Ɗalibin da ya kwatanta tsofaffin hotunan tauraron ɗan'adam da na yanzu, ya lissafa ma'ajiyar da aka rasa, ya ba masu tsara gari hujjar a gyara wasu a katange su maimakon a binne. Inda ake tunanin ramin tsotse ruwa kuma, gwajin mai sauƙi ne: a haƙa rami santimita 30, a cika shi sau biyu ƙasar ta ƙoshi, a cika na uku a riƙa auna saukarsa duk minti 15. Ramin da ba zai tsotse cikin awa 48 zuwa 72 ba gidan sauro ne. Kada a yi shi kusa da rijiya da ƙasa da mita 30, kada kuma a yi shi inda baƙin mai ke zuba.

Duk wannan ba a yin sa da ran ɗan mutane. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, lambatun kankare kuma ba shi da abin kamawa. Ba a shiga cikin ruwa, ba a fita mutum ɗaya, ba a tsayawa a fili da sandar ƙarfe ana walƙiya. Ba a shiga rufaffiyar magudana ko da rani, saboda iskar da ke warin ruɓaɓɓen ƙwai tana kashe jin wari idan ta yi yawa, sannan ta kashe mutum. Safar hannu da takalmin ruwa da fitila da allurar tetanus wajibi ne, kuma wurin horo ne ya kamata ya tanade su, haɗe da kuɗin mota da na ƙanƙara. Asid a kan ruwa ake zuba shi, ba a zuba ruwa a kan asid.

Idan kalandar makaranta ta jefa horon cikin rani, aikin bai tsaya ba. Duk ruwan da aka gani yana gudu a lambatu a watan Fabrairu ba daga sama ya zo ba. A bi shi a gano mafarinsa, bututun gida ne, ko sokawe da ta cika, ko mayanka, ko famfon da ya fashe, a sa kowanne a taswira da launinsa da warinsa da pH ɗinsa. A auna kaurin yashi duk mita 50, a ɗauki girman kowace kwalbati, a zana ma'aunin bango. Waɗanda za su zo da damina a kan wannan za su ɗora, muddin an bar musu shi. Logbuk makaranta yake komawa, don haka tun makon farko a buɗe wa magudanar fayil nata a wurin horo, na takarda da na kwamfuta, kowane layi da kwanan wata da lokaci da lambar GPS da tsayin ruwa da sunan gwaji da awa nawa samfurin ya jira. Ɗaliban baɗi su tsaya a daidai wannan layin fenti, su yi amfani da irin waɗannan kwalabe, domin damina ɗaya takan ba da ruwa shida ko takwas da aka auna da kyau, kuma sai an tara na shekaru a wuri guda kafin a iya cewa ga girman kwalbatin da unguwar take bukata.